Amsa ga Taubashina na Kano: Abin da Ke Kai 'Yan Zango Bikin Chale Wote

Taubashi, saƙonka ya iso, har da zolayar da ka haɗa a ciki, wai kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ka ce ka ga bidiyon wani taro a Accra, mutane sun shafe jiki da farar ƙasa, wasu sun rufe fuska, ana kiɗa a kan titi, sai ga samari da hula da 'yan mata da mayafi suna kutsawa a tsakiya. Kana tambaya ko tsafi ne, kuma me ya kai 'ya'yan Musulmi wurin. To, zauna ka ji.

Sunan taron Chale Wote, kuma na masu zane ne da masu fasahar zamani. An fara shi a 2011, yini ɗaya tak, a kan High Street da ke Jamestown, tsohuwar unguwar 'yan ƙabilar Ga a bakin teku. Wata ƙungiya mai suna Accra[dot]Alt, ta Mantse Aryeequaye da Sionne Neely, ita ta jagoranci kafa shi. Dalilinsu a fili yake: a lokacin, in kana son ganin zanen zamani a Accra sai ka shiga otal ko cibiyar al'adu ta Turawa, inda mai gadi zai kalli takalminka kafin ya buɗe ƙofa. Sai suka fito da abin kan kwalta, ba tikiti, ba ƙofa. Daga yini ɗaya ya koma mako guda a watan Agusta, ana fara wa da nuna fina-finai da tattaunawa, a rufe da cinkoson Asabar da Lahadi. Kowace shekara da takenta: na 2016 Spirit Robot, na 2017 Wata Mata.

Wurin da suka zaɓa shi ne rabin labarin. A kan wannan titin James Fort yake, wanda Ingilishi suka gina a 1673, inda aka tsare bayi, daga baya ya zama kurkukun da Kwame Nkrumah ya fito daga cikinsa a 1951 ya karɓi ragamar gwamnati. Gaba kaɗan ga Ussher Fort na mutanen Holan, ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ga Brazil House na jikokin bayin da suka dawo daga Brazil. A bayansu Bukom ce, unguwar dambe da ta fitar da Ike Quartey. Mazauna wurin masunta ne, talakawa. A shekarun da ake yin bikin a can, in ka zo ran Asabar za ka ga saurayi a kan tsani da gwangwanin fenti na fesawa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana fitar da idon wata mata mai girman tire a jikin bango, ƙasansa kuma tsohuwa na juya kifi a kan murhu ko ɗaga kai ba ta yi. Warin fenti da hayaƙin kifi da iskar teku duk a hanci ɗaya. Yara sun zauna dirshan suna zane da alli a kan kwalta, an kafa igiya a gefe 'yan Bukom suna ba hammata iska.

Masu farar ƙasar da suka tayar maka da hankali iri biyu ne, kuma mu da muke nan muna bambance su. Akwai 'yan wasa, waɗanda ke son faɗin wata magana da jikinsu. Serge Attukwei Clottey, alal misali, yakan yanyanka jarkokin nan rawaya da ake ɗibar ruwa, ya ɗinke su da waya, ya fito da jama'arsa cikin shiga ta ban mamaki, maganarsa kuwa ƙarancin ruwa ce da sharar roba. Wannan bai fi ƙarfin wanda ya taɓa liƙa gemun auduga ya fita tashe da azumi ba, kuma na san ka yi. Sai kuma na gaske: shugabannin addinin gargajiya na Ga, waɗanda suke kira wulomo, cikin fararen kaya, suna zuba giya a ƙasa don kakanninsu. Agusta lokacin bikinsu ne na girbi, Homowo, don haka abubuwan biyu sukan haɗu a titi ɗaya. Idan suka taho, ɗan zango yakan matsa gefe ya ba su hanya, bai ce amin ba, bai kuma yi tsaki ba. Haka iyayenmu suka koya mana.

Wannan ne abin da zai yi maka wuyar ganewa daga Kano, inda maƙwabcinka na dama da na hagu duk sahu ɗaya kuke bi. Mu a nan ƙasar ta Ga ce. Kakanninmu fataucin goro ya kawo wasu ta Salaga, wasu aikin soja zamanin Turawa, wasu almajiranci, kuma duk inda suka sauka a Accra sai da sarakunan Ga suka ba su fili. Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa haka aka same shi. Shekara fiye da ɗari ke nan ana aure da makoki tare. Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ya gaisa da su. Wasu sun yi gunaguni, amma yawancinmu mun gane abin da yake nunawa. Ran Sallah kuma, idan dawakanmu suka fito a Nima, babbar unguwar 'yan zango a Accra, su ma cika titi suke yi suna kallo.

Kada kuma ka ɗauka kallo kawai muke zuwa yi. Abinci dai ka san namu ne: koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa a ganye, tsire da yamma. A makon nan mai tsire yakan sayar da abin da ba ya sayarwa a kwanaki da yawa, in la'asar ta yi ya bar wa yaronsa wuta, ya shimfiɗa kwali a bayan rumfa ya yi sallarsa, ganguna na tashi. Zanen ma muna ciki tsundum. Mohammed Awudu, da ake kira Moh Awudu, ɗan Nima ne, yana cikin fitattun masu zanen bango na ƙasar, kuma akwai ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da ke koya wa yaran unguwa riƙe buroshi. Da yawa daga masu zanenmu a allon shagon aski da rubutun bayan mota suka fara.

Ba zan ɓoye maka ba, kan wannan bakinmu bai zo ɗaya ba. Akwai malaman da ke cewa zana mai rai haramun ne, ko a bango ko a takarda, kuma akwai gidajen da yaro ba ya isa ya shigo da fenti. Akwai iyayen da suka sassauto da suka ga sana'a ce, musamman bayan an ji labarin Amoako Boafo, ɗan Accra da aka sayar da zanensa fam 675,000 a Landan a 2020, da Ibrahim Mahama na Tamale, wanda tsofaffin buhunan algarara na koko da gawayi suka kai shi babban baje kolin zane na Venice, a Italiya, a 2015. Ni a gidana dokar ita ce a je da rana a dawo kafin magariba, domin bayan duhu giya ce ke mulki, ba zane ba.

Abin da ke damuna da bikin daban ne da naka. Ya yi girman da ya fara cinye kansa. A shekarun farko kana iya tsayawa ka tambayi mai zane me yake nufi, ya ajiye buroshi ya amsa maka. Zuwa 2019, shekarar da gwamnati ta yi kiran baƙaƙen fata na Amurka da sauran wurare su dawo gida, sai ka ga mutum ya juya wa zane baya yana ɗaukar kansa hoto, kamfanoni sun kafa lasifika, 'yan sane suna aikinsu. A 2023 aka mayar da shi unguwar Osu, wajen Dandalin 'Yanci da fadar Christiansborg. Fili ya fi yawa, ana numfashi, amma babu tsohuwar mai kifi a gindin tsani, kuma masu sana'ar Jamestown da suka saba da cinikin makon sun ji a jikinsu.

Idan za ka zo, ka zo tsakiyar mako, ranakun da ake zana bango kafin jama'a su cika, ka kuma taho da takalmin da ba ka jin tausayinsa. Ka gaida Inna da su Hajiya, ka ce mata goron da ta yi sallahu yana hanya.