Hukuncin tafiyar tattara hankali da likita ya ba da shawara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zaune a Gwammaja. Hawan jini ya kama ni, ga yawan tunani, barci ba ya zuwa. Likita ya ce in riƙa takawa da ƙafa minti 30 kullum, kuma ban da lissafin bashi a hanya: in mayar da hankalina kan numfashina da yadda tafin ƙafata ke taɓa ƙasa, in tunani ya ɗauke ni in komo a hankali. Na ji daɗinsa ƙwarai. Sai ƙanena ya ce daga addinin Buda aka samo abin. Allah gafarta Malam, in ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, Alhaji. Ka ci gaba, ya halatta, bisa sharuɗɗan da za su zo.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Mabiya Buda sun daɗe suna irin wannan tafiya a matsayin aikin addininsu. A 1979 wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya ɗauko dabarar ya mayar da ita shirin mako 8 na rage damuwa ga marasa lafiya a Jami'ar Masachuset, daga nan ta shiga hannun likitoci. To amma sanin asalin abu bai isa ya yanke hukuncinsa ba. Muslim ya ruwaito cewa Aufu ɗan Malik ya ce wa Annabi (SAW) suna yin tofi a zamanin jahiliyya, yaya yake gani? Bai ce ku watsar ba. Cewa ya yi su bijiro masa da tofin nasu, babu laifi a tofi matuƙar ba shirka a ciki. Tofi ma ke nan, wanda ya fi kusa da sha'anin aƙida, balle taka ƙasa da jan numfashi. Tafiya al'ada ce, kuma asali a al'adu halacci ne sai dalili ya hana.

Da muka bijiro da abin da likita ya ba ka, ban ga komai ba sai nutsuwa. Allah ya siffanta bayin Mai rahama a Suratul Furƙan, aya ta 63, da cewa suna tafiya a bayan ƙasa cikin sauƙi. Luƙmanu ya ce wa ɗansa ya tsakaita a tafiyarsa. Ko salla aka tayar, umarnin da ke Buhari da Muslim shi ne kada mu je da gudu, mu je muna tafiya da nutsuwa.

Wurin da nake so ka tsaya shi ne maganar nan da masu koyar da abin suke yi, cewa in tunani ya zo maka kada ka yi masa hukunci, ka bar shi ya wuce. Wannan tana da fuska biyu. In ana nufin abin da ke ɗarsuwa a zuci ba da zaɓinka ba, daidai ne, don Annabi (SAW) ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Da yawan masu waswasi da ke zuwa mana, ciwonsu kokawa da tunanin ne. Da sun ƙyale shi da ya mutu don kansa. Amma in aka faɗaɗa maganar ta zama babu kyakkyawa babu mummuna, ko mutum ya tuno haƙƙin wani da ya danne a shago ya ce tunani ne kawai, bari ya wuce, to nan an kauce. Wannan ba waswasi ba ne, tunatarwa ce, maganinta biyan haƙƙin.

Sharuɗɗan kuwa: kada ka maimaita wata kalma da ba ka san ma'anarta ba, irin waɗanda ake sakawa a wasu sautuka na waya, kuma kada ka rusuna wa wani abu ko ka ƙudurta cewa kana narkewa cikin halitta. Sannan kada ka mayar da tafiyar ibada mai zaman kanta, ka ce taku kaza lada kaza, ko ka ɗauki shirun da kake yi a matsayin kusanci ga Allah. Mutumin da ya yi bakancen yin azumi da tsayuwa a rana ba magana, Abu Isra'ila, Annabi (SAW) cewa ya yi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Saboda haka in maƙwabci ya yi maka sallama ka amsa, wajibi ne, bai ɓata maka magani ba.

Zikiri a cikin tafiyar ba dole ba ne, amma ya fi. A'isha ta ce Annabi (SAW) yana ambaton Allah a kowane hali nasa, Jabir kuma ya ce in sun hau tudu kabbara suke yi, in sun gangaro tasbihi. Kai da ke kusa da Dala, ga tudu a unguwa, sai dai mai hawan jini ya tambayi likita kafin ya ce zai hau. Da ni ne, sai in haɗa takawar da zuwa masallacin Asuba, inda kowane taku ake ɗaga daraja a kankare zunubi, in ƙarasa mintunan bayan an idar, lokacin gari bai tashi ba.

Tattara hankali dai bai hana duba hanya ba. Kada ka toshe kunnuwa biyu a titin da adaidaita sahu ke sheƙa gudu, kuma ka bar wayar a aljihu saboda masu ƙwace. Maganin da aka rubuta maka ma kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi, sai likita ya ce.

Wallahu a'alam.