Wa'adin hayar mota ya kusa cika: yaya zan mayar da ita ba a cinye mini kuɗin ajiya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin rarraba magunguna a Sakkwato. Mun ɗauki sabuwar Toyota Hilux haya ta shekara uku daga wani kamfani a Abuja, saura wata biyu wa'adi ya cika. Yarjejeniya ta ba mu kilomita 20,000 a shekara, da naira 60 a kan kowace kilomitar da ta haura. Yanzu mita na nuna 66,400. Ƙofar baya ta lotsa, gilashin gaba ya tsage, kuma suna riƙe da kuɗin ajiyarmu. Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi tambaya a kan kari, don wata biyun nan su ne damarka. Yawancin rigimar mayar da mota a kan abu ɗaya take tashi: mene ne tsufan da amfani ya kawo, mene ne kuma ɓarna. Na farko na mai mota ne, ya riga ya sa shi cikin kuɗin da kake biya wata-wata. Na biyu naka ne. Ko a fiƙihu haka abin yake a babin ijara: mai haya amini ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka amince. Amma ranar miƙa makulli, takarda ce za ta raba gardama.

Don haka ka ɗauko yarjejeniyar ka sake karanta ta. Ka fara tabbatar da cewa ba irin hayar da ke ƙarewa da mallaka ba ce, kamar wadda bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suke yi, inda motar ke zama taka bayan biyan ƙarshe. Idan ta mayarwa ce, ka duba ko an ba ka zaɓin saye da farashin da aka yanke tun farko. Kada ka raina wannan sakin layi. Farashin da aka rubuta shekara uku da suka wuce zai iya zama ƙasa ƙwarai da abin da irin motar ke yi yanzu a kasuwa, kuma wanda ya saya babu ruwansa da tarar kilomita ko ta lotsawa.

Lissafin kilomita kuwa ga shi. An ba ka 60,000, ka riga ka haura da 6,400, wato naira 384,000. A wata 34 kana cin kusan kilomita 1,950 kowane wata. In aka ci gaba a haka, mita za ta kai wajen 70,300, tara ta zama kusan naira 618,000. Zuwa Birnin Kebbi da dawowa kaɗai kimanin kilomita 300 ne, naira 18,000 ke nan ban da mai. Ka mayar da doguwar tafiya kan wata motar, wannan ta tsaya cikin gari. In wani bakanike ya ce zai mayar maka da mita baya, ka rabu da shi. Zamba ce, kuma rasit ɗin sabis da ka riga ka tara za su tona asiri, tunda kowanne na ɗauke da abin da mita ta nuna a ranar.

Ka rubuta wa kamfanin yanzu ka nemi su turo mai dubawa makonni huɗu zuwa shida kafin wa'adi, ya ba ka jerin abin da suke ɗauka ɓarna da kuɗin kowanne. Da wannan jerin za ka san abin da ya fi sauƙi ka gyara da kanka. Gilashi ka fara tambayar kamfanin inshora, domin cikakkiyar inshora takan ɗauki nauyinsa. Ka hanzarta, tsagewa ba ta tsayawa wuri ɗaya a zafin Sakkwato: gilashi ya sha rana, a kunna esi, ta ƙara tsawo.

Ƙofar ce ke buƙatar taka-tsantsan. Wasu yarjejeniyoyin sun hana gyara a garejin da mai mota bai amince da shi ba, to a nan sai ka nemi izini a rubuce. Idan fentin bai fashe ba, a turo lotsawar daga ciki ba tare da an taɓa fenti ba. Idan sai an fesa, ka sani fentin da ya sha ranar shekara uku ya koɗe, sabo ba zai zo daidai da shi ba sai fenta ya haɗa kala da ido ya kuma fesa har gefen da ke maƙwabtaka da ƙofar. Wanda ya cika wurin da bodifila ya lulluɓe bai taimake ka ba, don masu dubawa na da ƙaramar na'ura mai auna kaurin fenti. Sai ka biya fanal bita, ka sake biyan kamfani.

Koɗewar fenti, ƙananan tabon tsakuwa a bonet da tsufan kushin duk tsufan amfani ne, kada ka yarda a caje ka a kansu. Ƙunar taba, yagewar kujera da fasasshiyar fitila naka ne. Tayoyi su zama girman da motar ta zo da shi, zurfin zanensu bai gaza milimita 1.6 ba. A gefen kowace akwai lamba huɗu, misali 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2022, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara huɗu. Kada ka sa na gwanjo. Tambarin kamfaninka da ke jikin ƙofa a ɓare shi da ɗumi a hankali, ba da reza ba.

Ka tambaya tun yanzu a ina za a karɓi motar. In a Abuja ne, kilomitar hanya da haɗarinta a kan wa suke, kuma inshora tana aiki har ranar? Ya fi maka su aiko direbansu a yi miƙawar a Sakkwato.

Ranar miƙawa a wanke motar, a duba ta da rana tsaka kana tsaye. Ka ɗauki hoto da bidiyo na kowane gefe, da rufi, da ciki, da mita, da ma'aunin mai, da lambar shasi. Ka haɗa makulli biyu, safaya, jak, sifanar taya, abin kashe gobara, littafin sabis da takardun mota. Makullin da ya ɓata yana da tsada, saboda sai an haɗa sabo da kwamfutar motar. Kada makulli ya bar hannunka sai wakilinsu ya sa hannu a takardar karɓa mai ɗauke da kwanan wata, lokaci, kilomita, duk aibin da aka gani, da ranar da za a mayar maka da kuɗin ajiya. In ka ga an rubuta abin da ba ka yarda da shi ba, ka rubuta ƙin amincewarka a gefe kafin ka sa hannu, ka karɓi kwafi. Daga nan ka je banki ka dakatar da umarnin cire kuɗin wata-wata.