Yadda shingen jini ke ginuwa a tantanin ganin ido

Ka tambaya me ke hana ruwan jini tsiyaya cikin tantanin gani, wato ratina, alhali jijiyoyin jini na ratsa shi. Aikin taron dangi ne na ƙwayoyin halitta iri huɗu.

Astarosayit, wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, su ne ke fara shimfiɗuwa daga bakin jijiyar gani, suna fitar da VEGF, furotin mai sa jijiyoyin jini tsiro, saboda ƙarancin iskar oksijin, sabbin jijiyoyin jini na bin sawunsu. Ƙwayoyin da ke lulluɓe cikin jijiya sai su fitar da furotin PDGF-B, su jawo wasu ƙwayoyi da ake kira ferisayit su rungume ta daga waje. In ferisayit suka yi ƙaranci, jijiyar ta kumbura ta yi yoyo.

Inda hankali ya fi kamata ya tsaya shi ne ƙwayoyin Müller, masu tallafar ƙwayoyin ratina. Su ke fitar da furotin Norrin, wanda ke kama Frizzled4 tare da LRP5 da TSPAN12, masu karɓar saƙo a jikin ƙwayoyin da ke lulluɓe cikin jijiya. Saƙon nan ke ƙara kilodin-5 mai liƙe tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ya danne PLVAP mai barin abubuwa su tsiyaya, ya tada Mfsd2a mai hana safarar abubuwa ta cikin ƙwayar kanta. A ɓera, liƙewar tana nan tun farko. Safarar ce ke jinkirin tsayawa, sai wajen kwana 10 da haihuwa.

A ɗan Adam jijiyoyin sai kusan mako 40 suke kaiwa gefen ratina. Shi ya sa bakwaini da aka ba oksijin fiye da kima ke cikin haɗari: VEGF ya faɗi, tsiro ya tsaya, daga baya jijiyoyi masu yoyo su yi ta tsirowa barkatai.