Ina rarar zafin yankin ikwaita take tafiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa yankin ikwaita, wato wajen layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, ba ya ta ƙara zafi, alhali rana ta fi dukansa. Iska da teku ne ke kwashe rarar zafin zuwa arewa da kudu.

Iska ce ke ɗaukar kaso mafi girma, kuma hanyarta ta fi burge ni. Idan ruwan teku ya zama tururi, zafi yakan ɓuya a cikinsa. Iska ta kai tururin nesa, ya zama gajimare, sai ya saki zafin a can. A ikwaita iska mai ɗumi takan tashi sama, ta zubar da ruwanta, ta sauko a bushe wajen layin digiri 30 na taswira, arewa da kudu da ikwaita. Shi ya sa manyan hamada suka jeru a wurin.

Teku kuwa tafiyarsa a hankali take, amma ya fi riƙe zafi: kimanin mita 3 na samansa kaɗai suna iya riƙe zafi kwatankwacin dukkan iskar duniya. Igiyar Gulf Stream, wato ruwan da ke gudana kamar kogi a cikin teku, tana ɗauko ruwan ɗumi daga gaɓar Amurka zuwa arewacin Atlantika. A can wani sashensa ke hucewa, sanyi da gishiri su ƙara masa nauyi, ya nutse, ya koma kudu ta ƙarƙashi.