Yaya, ba gida muka rasa ba, zango muka yi

Yaya, na ji saƙon muryarka, na kuma sake saurara. Ka ce ka ga hotunanmu cikin mota a gindin dutse, yara na kwance a baya, ka tambaya ko kuɗin haya ne ya gagara, ko kuwa mun zama Turawa ne har muna biyan kuɗi don mu kwana a daji. Na san da wasa ka fara, amma ƙarshen maganar ba wasa ba ne, shi ya sa na zauna in ba ka amsa a rubuce.

Gidanmu na nan a Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, lafiya lau. Motar da ka gani hayarta na yi ta kwana huɗu. Mutanen nan RV suke ce mata, mu kuma a gida muna ce mata tafi-da-gidanka, don akwai gado a ciki, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗaki, da tankin ruwa. Lasisin tuƙina na kullum ya ishe ni in ja ta. Litinin ta farko a watan Satumba ranar hutun ma'aikata ce a Amurka, sai muka haɗa da Juma'a, muka kama babbar hanya mai lamba 40 muka yi yamma, muka wuce Asheville, muka sauka garin Cherokee. Tafiyar kusan kilomita 350 ce. Daga nan kaɗan ya rage a shiga gandun duwatsun Smoky, wanda gwamnati ta keɓe tun 1934 a kan iyakar Karolina ta Arewa da Tenesi.

Wurin da muka sauka sunansa Smokemont, a bakin rafi. Kowane iyali da filinsa mai lamba, da teburi, da wurin hura wuta, kuma tun watanni kafin tafiya ake kama wuri ta intanet. Babu wutar lantarki, babu wurin wanka, waya ma ba ta kamawa. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi shiru. Abinci kuwa doka ce a kulle shi cikin mota, saboda baƙar dabbar nan da ake kira beyar tana bin ƙamshi har cikin mutane.

To me ya kai ni? Aminina ne, wanda muka yi makarantar allo tare a Maraɗi, ka san shi, ka san gidansu. Yana Nashville yanzu, a jihar Tenesi. Shekara uku ba mu sa juna a ido ba, alhali ƙasa ɗaya muke. Kai da za ka fita bayan la'asar ka tarar da abokanka a kan tabarma ƙofar gida, da wuya ka gane wannan. A nan ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya, aikinsa na dare ne, nawa na rana, hutuna na shekara mako biyu ne kacal. Gidajenmu ba zaure, ba tsakar gida. Sai muka ce mu raba hanya biyu, shi ya hauro ta Gatlinburg ya tsallako dutsen, ni in zo ta wannan gefe. Da motarsa ta tsaya ya fito, furfura ta cika masa gemu, muka rungume juna, ban iya cewa komai ba sai sunan da muke kiransa da shi tun muna yara.

Ka tuna Baba yana ba mu labarin kakanmu falke, yadda suke bin madugu zuwa Gwanja sayen goro, in rana ta yi sanyi a sauke kaya, a ɗaure jakuna, a hura wuta? Sunan wurin zango. Unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara a ƙasar Gana har gobe da wannan sunan ake kiransu. Da dare ya yi muka kewaye wuta, tukunyar shayi na tafasa, abin da ya faɗo mini a rai ke nan. Hausawa ba yau suka fara kwana a hanya ba.

Yanzu in zo kan abin da na san shi ne ainihin tambayarka: farar matar da ke cikin hoton. Matar aminin nawa ce, shekararsu goma sha ɗaya. An ɗaura aure a masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki. Na san abin da ake faɗa a gida, wai duk wanda ya auri 'yar ƙasa takarda yake nema, wai ya ɓata. Akwai waɗanda suka yi hakan, ban musa ba, kuma mun ga yadda ta ƙare musu. Amma wannan baiwar Allah ita ta yi jinyarsa wata huɗu da ya yi hatsari, lokacin da ba ɗan'uwa ko ɗaya kusa. Ita ke tuna masa kuɗin da zai aika wa tsohuwarsa duk wata. A zangon nan ita da uwar yarana suka tuƙa tuwon shinkafa a ɗan murhun motar, da miyar kuka da muka taho da garinta. Da asuba ita ta tashi yaranta salla. Muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa mai raɓa, muka fuskanci arewa maso gabas, don nan alƙiblarmu take, muka bi shi salla, hazo ya rufe kan duwatsun kamar hayaƙi.

Inda zan yarda da kai shi ne harshe, kuma abin yana ci mini rai. Yarana suna jin Hausa sarai, amma da Turanci suke mayar mini. Nasa kuwa gaisuwa kawai suka iya. Ranar Lahadi mun hau dutsen da ya fi kowanne tsawo a gandun, mita 2,025. Shekaru da yawa sunan wani Bature yake ɗauke da shi, sai a 2024 aka mayar masa da sunansa na asali, Kuwohi. Ƙabilar Cherokee, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, su ne suka nema. A 1838 aka kori yawancinsu da ƙarfin soja zuwa yamma, kaɗan suka ɓuya a duwatsun nan, jikokinsu ne ke garin yanzu, kuma allunan titunansu da rubutunsu na gado aka rubuta su. Babbar 'yata ta tsaya tana kallon allon nan, ta ce, "Baba, mu ma muna da namu rubutun?" Na ce muna da ajami. Daren nan da toka da tsinke na rubuta mata sunanta a kan dutse.

Don haka in za ka yi mana faɗa, yi mana a kan wannan, zan sunkuyar da kai in saurara. Amma kada a ce mun bar Hausa don mun kwana a mota, ko don ɗayanmu ya auri wadda ba a haifa a Maraɗi ba.

Litinin da hantsi muka kwashe shara, muka kashe wuta da ruwa, kowa ya kama hanyarsa. Matarsa ta ce in gaishe ka, da Hausa ta faɗa. Sai roƙo ɗaya: in ka je wurin Inna ranar Juma'a, ka ɗaukar mini muryarta a waya tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, irin yadda take yi mana a tsakar gida. Mun riga mun yi alkawarin komawa baɗi, ina so yaran su ji ta a bakin wuta.