Ƙanena, ga bayanin motar ɗakin nan

Na ga saƙonka, na yi ta dariya da ka ce ko gidan ne aka ƙwace har zan koma kwana a mota da furfurata. Gida yana nan lafiya lau. Motar da ka gani a hoto ita Turawan Amurka ke kira RV, ni kuwa motar ɗaki nake ce mata: da gado, da kicin, da banɗaki duk a ciki.

Tsufan nan daban yake da na gida. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama sai ya kai shekara 67 yake samun cikakken fansho na gwamnati, ko ya fara karɓa a 62 da ragi. Ranar da ka ajiye aiki babu zaure, babu majalisar ƙofar gida, yara sun watse garuruwa. Shi ya sa in sanyi ya shigo tsofaffinsu suke gangarawa kudu, Fulorida ko Arizona. Akwai wani ɗan gari a hamadar Arizona, Quartzsite, da ke cika maƙil da motocin nan a watan Janairu.

Mu Hausawa kaɗan ne muke yi. Yawancinmu in an yi ritaya Kano ko Maraɗi ake nufa, ko Umra. Mu da muka saya zumunci ne ya sa: jika a Houston, jika a Atlanta, ga kuɗin otal, ga kunyar tare wa suruki ɗaki wata guda.

Ka tambaya me ya cinye kuɗin gyara tunda motar tana tafiya. Taya na fara canzawa. Motocin nan sun fi daɗewa a ajiye, sai ka ga zanen taya sabo fil alhali robar ta tsufa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, mako da shekarar da aka yi ta. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. In ta haura shekara shida ko bakwai, ni dai ba na ɗora Hajiya a kanta.

Amma inda na fi daɗewa ina lissafi shi ne ruwa. Wanda ya ƙera motar bai san da alwala sau biyar ba, bai san da tsarki ba, takarda ya tanada. Tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Nawa na farkon galan 40 ne, kusan lita 150. Bature da matarsa sai su yi kwanaki da shi, mu kuwa kafin ka ankara ya ƙare, na bayan gidan kuma ya cika. Na sa mesar tsarki, na sa matatar ruwa, na canza kan shawa zuwa mai tsumulmular ruwa, buta kuma tana nan daram. Na so in ƙara babban tanki, makanike ya tuna min kowace lita kilo guda ce, kuma akwai nauyin da kamfani ya rubuta a jikin motar wanda ba a wucewa. Sai na haƙura da jarkoki biyu.

Zancen wuta ba sai na koya wa ɗan Kano ba, kun fi mu sanin sola da inbata. Na cire tsofaffin batura masu ruwa, waɗanda rabin cajinsu kawai ake so a ci, na sa na litiyam: ba nauyi, kuma ana shan kusan duka. Aibinsu ɗaya, ba a yi musu caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, don haka na sayi masu ɗumama kansu. Amfanin solar shi ne a yammacin ƙasar akwai filayen gwamnatin tarayya da za ka yada zango kyauta har kwana 14, amma ba wuta ba famfo.

Wutar ma don firiza na fi buƙatarta. Kana barin manyan birane mahaucin halal ya yi wuyar gani, sai ka yi guzurin rago guda tun daga gida. Teburin cin abinci kuma na sa an cire, wurin ya ɗauki sallaya biyu in ana ruwa a waje.

Mai sayar da kayan ya so ya liƙa min talabijin ta waje da fitilu masu launi. Na ce ya bar abinsa, waɗannan kuɗin mai ne, don galan guda da ƙyar yake kai ta mil goma.

Hajiya ta ce in gaya maka kuka da daddawa sun kusa ƙarewa, kuma bayan Ƙaramar Sallah za mu tashi in Allah ya yarda. In ka samu mai zuwa, ka ba shi, ka haɗa da yajin ƙuli.