Konkani da harshen Norwe: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Wani ɗan'uwa ya tambaya a zaure cewa ya ji an ce Konkani na Indiya da harshen mutanen Norwe 'yan gida ɗaya ne, yana so ya san ko gaskiya ne, kuma wanne ya fi wuyar koyo.

Malam, gaskiya ne, amma zumuncin na nesa ne ƙwarai. Dukansu daga babban gidan harsunan Indiya da Turai suka fito. Konkani yana reshen Indiya, ɗan'uwan Marathi ne na kusa. Na Norwe yana reshen Jamusanci na arewa tare da harsunan Denmak da Suwidin. Mai jin ɗaya ba zai fahimci ko jimla guda ta ɗayan ba. Sai an tono tsofaffin kalmomi ake ganin jinin: suna nanv ne a Konkani, navn a Norwe; haƙori dant da tann; uku tin da tre. Kada dai ka ɗauki duk kalmomi biyu da suka yi kama a matsayin hujja. Mez da kodel da zonel, wato tebur da kujera da taga, Konkani ya aro su ne daga Fotugal, wadda ta riƙe Goa, jihar Indiya da ke cibiyar masu Konkani, daga 1510 zuwa 1961.

A nahawu kuwa hannun riga suke. Konkani yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, kuma aikataun yana sauya kama da jinsi da adadi. Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne shuɗaɗɗen lokaci. "Ina karanta littafi" shi ne hanv pustok vachtam, amma "na karanta littafi" ya zama hanven pustok vachlem. Hanv ya koma hanven, sannan aikatau ya daina bin mai aikin, ya koma bin jinsin abin da aka yi wa aikin. Wanda bai haddace jinsin kowane suna tun farko ba, kowace jimlar jiya da zai yi sai ta karkace. Jinsin uku ne, shi ya sa "mai kyau" yake boro, bori ko borem.

Aikataun Norwe bai damu da wanda ya yi aikin ba: jeg er, du er, vi er, wato ni ne, kai ne, mu ne, duk er ɗin nan ne. Tarkonsa yana jerin kalmomi. A jimlar bayani dole aikatau ya zauna a gurbi na biyu. Jeg leser boka i dag, wato "ina karanta littafin yau", daidai ne, amma in ka fara da "yau" sai ka ce i dag leser jeg boka. Baƙi kan ce i dag jeg leser, kuma nan take ake gane su. Akwai abin da zai yi wa Bahaushe daɗi: yadda muke cewa gida, gidan, ko mota, motar, haka suke liƙa alamar a wutsiyar suna, hus ya zama huset, bil ya zama bilen. Suna kuma bambanta kalmomi da karin sauti. Bønder, manoma, da bønner, wake, a yawancin yankuna sauti kaɗai ke raba su. Kunnen da ya saba da karin Hausa zai kama wannan da wuri. A Konkani aikin yana hanci da harshe: wasulan da ake fitarwa ta hanci, da baƙaƙen da ake naɗe harshe baya kafin a furta su.

A ganina inda suka fi kama shi ne rigimar rubutu, kuma nan ne mai koyo yake ɓata watanni in bai yi hankali ba. Norwe ta zauna ƙarƙashin Denmak har 1814, rubutunta duk da harshen Denmak. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suka riƙa gyara na Denmak har ya zama Bokmål. Wani masanin harshe, Ivar Aasen, kuma ya zaga ƙauyuka yana tattara karin harshen manoma, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, abin da ya zama Nynorsk. Majalisa ta daidaita matsayinsu a 1885. Haruffan iri ɗaya ne, 29, amma "ni" jeg ne a Bokmål, eg a Nynorsk. Mafi yawan jama'a Bokmål suke rubutawa, sai dai a baki kowa karin garinsu yake yi, har a talabijin, don haka wanda ya koya a littafin Oslo zai sha mamaki a Bergen.

Na Konkani ya fi wannan cakuɗewa, domin haruffan ne kansu suka bambanta, kamar boko da ajami a wurinmu amma ninki. Dokar Goa ta 1987 ta amince da rubutun Devanagari, wanda ake rubuta Hindi da Marathi da shi. Kiristocin Goa da yawa da haruffan Romawa suke rubutu, kuma har yau suna neman a ba shi matsayi. A kudancin Indiya, mutanen birnin Mangalor suna amfani da haruffan harshen Kannada, na birnin Kochi da na harshen Malayalam, wasu Musulmin gaɓar teku kuma da haruffan Larabci. Masu harshen kusan miliyan 2.3 ne a ƙidayar 2011, ƙasa da rabin na Norwe, ga su a warwatse a kan rubutu biyar. An daɗe ana cewa karin Marathi ne kawai, sai a 1975 Sahitya Akademi, cibiyar adabi ta ƙasar Indiya, ta karɓe shi a matsayin harshe mai cin gashin kansa, a 1992 kuma ya shiga jerin harsunan tsarin mulkin Indiya.

Game da wuya, na Norwe ya fi sauƙi, musamman in kana jin Turanci, ga littattafan koyo birjik. Ka fara da Bokmål. In Konkani kake so, ka fara tantance da mutanen ina za ka yi magana, Goa ko Mangalor, sannan ka zaɓi rubutunsu. Ka lura a rubutun Romawa na Goa harafin x yana nufin sh ne, gadon Fotugal.